An ce in bar musu gidan, wai gadona yana sama

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni 'yar shekara 38 ce, daga Kudancin Kaduna. Maigidana ya rasu wata takwas da suka wuce bayan gajeruwar rashin lafiya. Malamin firamare ne, ni kuma ina ɗinki, ranar kasuwa in sayar da hatsi. Allah ya ba mu 'ya'ya mata uku, babbar tana sakandare. Gidan da muke ciki tare muka gina shi a filin da ya saya da kuɗinsa, kwanon rufin ma da kwasar adashena aka saye shi.

Ba a yi sati biyu da jana'iza ba wan mijina ya zo ya ɗauki babur da takardun filin, wai zai ajiye mana. Yanzu ya ce ranar da na cire baƙin kaya in zaɓi ɗaya: ko in zauna a matsayin matar ƙaninsu, wanda yake da matarsa da 'ya'yansa, ko in koma gidan ubana, tunda ban haifi namiji ba. Na kai kukana wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, sai ya ce, "Ki bar wa Allah. Kayan duniya ne, gadonki yana sama. Kirista ba ya kai ɗan'uwansa ƙara." Tun daga ranar bakina ya mutu wajen addu'a. In na durƙusa fushi kaɗai ke zuwa. Ina zuwa sujada, amma a bencin baya nake zama, in fice kafin a tashi. Mama, zunubi ne in nemi gidan nan? Son duniya ne ya kama ni? Me ya sa Allah ya yi shiru?

Taki cikin Ubangiji, uwar 'yan mata uku.

'Yata, sannu da rashi, ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Ba zunubi ba ne. Na sa wannan a gaba don ki sami damar karanta sauran da kwanciyar rai. Uwa da ke neman rufin da 'ya'yanta marayu za su kwana a ƙarƙashinsa ba son duniya take yi ba, amana take riƙewa.

Abin da dattijon ya faɗa game da gadon sama gaskiya ne, sai dai ya kai gaskiyar ƙofar da ba tata ba. Wanda ya kamata a zaunar a gaya masa cewa kayan duniya ne shi ne mutumin da ya tura babur ɗin ƙaninsa gida tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Na lura a ikkilisiyoyinmu wa'azin haƙuri kullum a kan mai rauni yake sauka, don shi ne ba zai ɗaga murya ba. Wataƙila dattijon ba mugu ba ne. Wataƙila tsoron rigima yake ji, ko kuma wan mijinki abokin zamansa ne, tare suke zuwa taron maza. Amma tsoron rigima ba ya mai da zalunci ya zama zaman lafiya.

Ki buɗe Markus sura 12. Kowa ya san gwauruwar da ta jefa anini biyu a akwatin baiko, ana wa'azinta duk ranar da ake neman gudummawar gini. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ayar da ke gabanta kaɗan, aya ta 40, inda Yesu ya tona asirin malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, ya kuma ce hukuncinsu zai fi tsanani. Gidaje ya ambata, 'yata, irin wanda ake so a ƙwace miki. Da gidan gwauruwa ba komai ba ne a wurinsa, da bai ɗora wa masu cinye shi hukunci mai nauyi haka ba. A Fitowa 22:22-24 Allah ya gargaɗi Isra'ila cewa in suka cuci gwauruwa ko maraya, suka yi kuka gare shi, zai ji, fushinsa kuma zai yi ƙuna. Karin Magana 15:25 ta ce yakan rushe gidan mai girmankai, amma yakan tsare iyakar gwauruwa. Iyakar fili ake nufi, wadda maƙwabci mai ƙarfi yakan matsa da dare. Allahn da ya tanadar miki gado a sama shi ne yake gadin iyakarki a ƙasa. Ba alloli biyu ba ne.

Maganar "ba ki haifi namiji ba" kuwa tsohuwa ce, an kawo ta gaban Musa tun a jeji. Littafin Ƙidaya sura 27: wani mutum, Zelofehad, ya mutu ya bar 'ya'ya mata biyar, ba namiji. 'Yan matan nan ba su zauna a ɗaki suna kuka ba. Suka je ƙofar alfarwa, gaban Musa da firist da shugabanni da dukan jama'a, suka tambaya don me sunan ubansu zai ɓace daga danginsa saboda ba shi da ɗa. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce suna da gaskiya, a ba su gādon ubansu, ya kuma mai da abin doka. A dokar nan 'yan'uwan mamaci suna shigowa ne in babu ɗa kuma babu 'ya. Ki karanta wa 'yan matanki wannan sura, musamman babbar, don na tabbata ta ji abin da baffanta ya faɗa, tana kuma juya shi a ranta ita kaɗai.

Yanzu batun ƙara. Dattijon yana nufin 1 Korantiyawa 6, kuma ba zan yi kamar ba a rubuta ta ba. Bulus ya ji kunyar masu bi suna jan juna gaban alƙalai marasa bi. Amma ki duba wa yake tsawata wa. Tambayarsa ita ce, ashe babu mai hikima ko ɗaya a cikinku da zai iya sasanta 'yan'uwa? Wato ikkilisiya ce ta gaza aikinta. A aya ta 8 kuma ya juya kan masu cutar da 'yan'uwansu suna zambatarsu. Wanda zai karanta miki wannan sura dole ya yarda ya zauna ya yi shari'ar gaskiya tsakaninku. Bai isa ya rufe miki ƙofar kotu ya kuma rufe miki ƙofar dattawa ba. Gaskiya ne Bulus ya ce gara mutum ya yarda a cuce shi, kuma mai bi yana da 'yancin yafe abin da yake nasa. Sai dai gidan nan ba naki ke kaɗai ba ne. Haƙƙin marayu uku ne, ba ki da ikon yin kyauta da shi don a yaba miki haƙuri. Bulus ɗin nan da kansa, sa'ad da za a yi masa bulala ba bisa ƙa'ida ba, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A Luka 18 kuwa, da Yesu ya so ya koya wa almajiransa nacewa a addu'a, wa ya zaɓa? Gwauruwar da ta yi ta sintiri ƙofar alƙali tana neman a bi mata hakkinta har ya gaji.

Zancen ƙanin miji ba zai ɗauke mu lokaci ba. 1 Korantiyawa 7:39 ta ce macen da mijinta ya mutu tana da 'yanci ta auri wanda take so, muddin cikin Ubangiji ne. Wanda take so, ba wanda dangi suka ga dama ba. Ke ba kaya ba ce da za a haɗa da babur a raba. Shi kuma mutumin yana da mata, kin san ikkilisiyarku ba za ta ɗaura wannan aure ba, horo za a sa ku ku biyun. Ki ƙi, da ladabi, a gaban shaidu, sau ɗaya tak kuma a fili, don kada a ce kina tunani.

To, ta ina za ki fara? Ba da kotu ba. Ki bi tsarin da ke Matiyu 18. Kin riga kin ji daga bakin wan mijinki, saura ki koma da mutum biyu ko uku: wani babba daga gidanku, wanki ko kawunki, da shugabar zumuntar mata. Ki roƙi takardun filin da bakin girmamawa, kina kiransa baban yara, don shi ne a madadin ubansu ko ya manta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ƙi, ki kai maganar wurin fasto a rubuce, ki nemi dattawa duka su zauna, kada ta tsaya a bakin dattijo ɗaya a gindin mangwaro. A rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu, ki karɓi kwafi. In majalisar ikkilisiyarku ta yi sanyin jiki, akwai ta gunduma a samanta, akwai kuma mai unguwa da hakimi, waɗanda suka san wanda ya sayi filin da wanda ya sayar.

Kafin duk wannan, akwai abin da za ki yi a makon nan ba tare da kin gaya wa kowa ba. Ki tattara takardar aurenku, takardun haihuwar yara, takardar shaidar mutuwa, takardun aikin mijinki, da duk wani rasit na siminti ko kwano ko katako da ya rage a akwati. Ki yi hotonsu, ki ajiye kwafi a gidan wani amintacce. Ki je wurin uwar adashenku ta duba littafinta ta tuna watan da kika kwasa. Ki nemi wanda ya sayar da filin da waɗanda suka yi shaida, da birkilan da ya yi ginin. Kada kuma ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kowace takarda da aka kawo miki, ko an ce ta karɓar kuɗin mamaci ce, sai wanda ya san doka ya karanta miki. Kada ki fita daga gidan da ƙafarki, ko da sunan zuwa hutawa gidan iyaye na wata guda. Gwauraye da yawa sun dawo sun tarar an canja kwaɗo.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da wan mijinki. A 2014 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci biyu da ya kamata kowace zumuntar mata ta san da su. A shari'ar Anekwe da Nweke, wadda ta taso daga Awka a Jihar Anambara, dangin miji sun so su kori gwauruwa daga gida don ba ta da ɗa namiji, kotu ta yi watsi da al'adar, ta ce ta saɓa wa adalci. A shari'ar Ukeje kuma ta ce hana 'ya mace gādon ubanta ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Al'adun Ibo aka yi shari'a a kansu, amma tsarin mulkin na kowa ne. A 2015 aka kafa dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta mai da muzguna wa gwauraye da sunan al'ada laifi, Jihar Kaduna kuma tana cikin jihohin da suka kafa irinta. Irin auren da kuka yi yana da tasiri a kan yadda za a raba dukiyar, shi ya sa takardar aure take da muhimmanci, lauya zai fara tambayarki ita. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa suna taimaka wa marasa ƙarfi, ba sai kin sayar da keken ɗinki ba kafin ki ji matsayinki. Su ne kuma za su nuna miki yadda ake neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu, wadda banki da masu riƙe kuɗin fansho sukan nema. Ko sunan wansa mijinki ya rubuta a fom ɗin aiki a matsayin ɗan'uwa na kusa, wannan bai sa kuɗin ya zama na wan ba.

Amma ke ma ki yi adalci. Filin da mijinki ya saya daban, gonar gado ta kakanni daban. In akwai gonar dangi da yake nomawa, ki nemi a bar wa yara su ci daga cikinta, kada ki ce taki ce. In surukarki tana da rai, ki tuna ita ma ɗa ta binne, mai yiwuwa ɗan da ke saya mata magani da gishiri duk ƙarshen wata. Wani lokaci abin da ke tura dangi ga kwashe kaya tsoro ne cewa daga yau ba mai duba tsohuwa. Ki je ki gaishe ta da jikokinta, ki kai mata ɗan abin da ya samu. In kuɗin mijinki ya fito, ki cire mata rabo da hannunki. Rut da Na'omi gwauraye biyu ne, suruka da matar ɗa, da suka riƙe juna har Allah ya buɗe musu hanya. Sau da yawa kalma ɗaya daga bakin uwa tana kwance abin da dattawa goma suka kasa.

Na dawo ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato bakinki da ya mutu. Kin ɗauka fushin nan alama ce cewa bangaskiyarki ta tafi. Na'omi da ta koma Baitalami ta gaya wa matan gari a fili cewa Maɗaukaki ya ɗaɗa mata baƙin ciki, ta tafi a wadace ta dawo hannu wofi. Littafi Mai Tsarki bai goge maganarta ba, Allah kuma bai yashe ta saboda ita ba. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara. Zabura 88 ta ƙare ba tare da ko kalmar ta'aziyya ɗaya ba, duk da haka addu'a ce. In kin durƙusa fushi ya zo, ki faɗa masa fushin, da harshen da kika sha a nono in Hausa ta yi miki nauyi. In kalma ta ƙi fita, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya ce kada ya zama irin na marasa bege. Wata takwas ba komai ba ne a rashin miji, kada kowa ya ƙirga miki kwanaki.

Ina kuma zargin cewa shirun da kike ji ba duka na Allah ba ne, rabinsa na ikkilisiya ne. Mun iya makon jana'iza: waƙa har dare, tukwane a wuta, ankon zumunta. Bayan wata ɗaya sai ƙafa ta ɗauke. Sai Kirsimeti a kira gwauraye su fito gaba, a ba kowace mudun shinkafa da turmin atamfa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ban raina shinkafa ba, amma Yakubu 1:27 ziyartar marayu da gwauraye cikin wahalarsu ya kira sahihin addini, zumunta kuwa a ƙafa take. Gunaguni na farko da aka rubuta a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni 6, a kan gwaurayen da ake tsallakewa wajen rabon abinci ne. Manzanni ba su ce musu gadonsu yana sama ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu da hikima, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. A 1 Timoti 5 kuma Bulus ya fara ɗora nauyin gwauruwa a kan danginta, ya ce wanda bai kula da nasa ba ya yi musun bangaskiya. Wannan aya ta 8 ita ce ta dace da zaman da za a yi da wan mijinki.

Don haka kada ki jira a tuna da ke. Ki zaɓi mata biyu a zumunta, ɗaya ta kasance wadda ta daɗe da rasa nata mijin, ki ce musu kai tsaye, "Na kasa addu'a, ku riƙa zuwa kuna yi mini." Ki bar bencin baya. Kada ki guje wa Jibin Ubangiji don kina jin zuciyarki ba daidai ba, ki gaya wa fasto halin da kike ciki. Ki yi hankali da masu gidajen addu'a da za su ce an nuna musu wanda ya kashe mijinki, ko su ce ki shuka iri da kuɗin makarantar yara. Haka kuma mazan da taimakonsu sai bayan magariba. In barci ya ƙaurace miki makonni, ko abinci ya ƙi shiga, ko tunanin bin mijinki ya fara zuwa, wannan na asibiti ne, ki gaya wa wani a ranar, ki je.

Gādon sama kuwa, kada ki bari wanda ya yi amfani da shi ba daidai ba ya sa ki tsane shi, don naki ne. Bitrus ya rubuta wa masu bi da ke warwatse a Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, ya kira su baƙi, ya ce an sāke haifarsu zuwa ga gādo marar ruɓewa, marar aibi, marar koɗewa, wanda aka ajiye musu a sama. Wannan gādo ba ladan rasa gida ba ne. Ba a ƙara miki shi in kin bar gidan, ba a rage shi in kin riƙe. Tun mijinki yana da rai naki ne, kuma ba ta sunansa kika same shi ba, ba a tambayi ko kin haifi namiji ba. Galatiyawa 3 ta ce cikin Almasihu babu namiji babu mace, duk wanda yake nasa magaji ne bisa ga alkawari. Afisawa 1:14 ta ce an ba mu Ruhu Mai Tsarki ya zama tabbacin gādon kafin mu karɓe shi. Takardarsa ba ta cikin akwatin da wani zai iya buɗewa.

Amfaninsa gare ki a wannan rigima shi ne ya cire miki tsoro. Macen da take ganin gidan nan shi ne iyakar abin da take da shi za ta iya ƙarya a gaban alƙali, ta ba da toshiya, ta bi boka, ta cusa wa 'ya'yanta ƙin dangin ubansu. Ke ba ki bukatar ko ɗaya. Za ki iya faɗin gaskiya ko inda ba ta yi miki daɗi ba, ki yarda da sulhu in ya tsare wa yara gidan ko da babur ya tafi, ki gaishe da wan mijinki a ƙofar coci alhali maganarku tana gaban dattawa. Yafe masa a zuciya aiki ne da zai ɗauki lokaci, kuma bai hana ki karɓi takardunki ba.

Dattijon nan ma ki koma wurinsa, ba don ki kunyata shi ba. Ki tafi da shugabar zumunta, ki ce, "Baba, na yi tunani a kan maganarka. Tunda Kirista ba ya kai ɗan'uwansa ƙara, ina roƙonka ka raka mu wurin baban yara ka karɓo mana takardun." In ya yarda, kin sami mai tsaya miki. In ya noƙe, wasiƙarki ta tafi wurin fasto ran Lahadi mai zuwa, tun kafin ranar cire baƙin kaya ta matso.